Babban Yatsana

Shekara tara ke nan nake riƙe da agogo
a filin Giginya, can gefen raga.
Aikina bai da yawa: in danna, in sake dannawa,
in faɗi lamba, Malami ya rubuta.

Robobi huɗu muke jerawa bisa ƙasa.
Yaro ya taso a guje, ya taɓa ta tsakiya,
ya yi hagu, ya yi dama, ya dawo da baya-baya.
Wai da haka ake auna zafin nama.

Ran Talata sunka zo su arba'in da ɗaya,
gurbi goma sha takwas muke da shi.
Cikinsu har da Arzika, ɗan Gidan Igwai,
siriri kamar karan dawa,
da takalmin aro da ya fi ƙafarsa,
ya cusa tsohuwar jarida a baki don ya zauna.

Da hantsi: daƙiƙa goma da ɗigo huɗu.
Bayan azahar, rana ta gasa filin: goma da tara.
Malami ya ce a sake, a kore shakka,
a sa Jabbi ya riƙe agogo na biyu.
Nawa ya ce goma da shida,
na Jabbi ya ce goma da uku.
Gudu ɗaya, yaro ɗaya,
shaidu biyu sun saɓa, kuma ba mai ƙarya.

To wanne ne Arzika?
Na safe, mai ɗumin kunu a ciki,
ko na rana, da bai ga ko ruwan leda ba?
Wanda ya taka busasshiyar ƙasa,
ko wanda ya zo bayan ƙafa arba'in sun tume ta?

Ni ma fa, wane ne ni?
Daren Litinin ba wuta, zafi ya hana ni runtsawa.
Ƙuda ya sauka a girata lokacin da ya juya.
Shin na danna da ƙafarsa ta keta layi,
ko sai da idona ya gaya wa hannuna,
hannun ya yi shawara da yatsa?
Tsakanin gani da dannawa akwai 'yar tafiya,
a cikinta ake zubar da 'ya'yan mutane.

Munka yanke a goma da rabi.
Namakka ya zo na ɗaya,
ya haddace robobin nan kamar karatun allo.
Arzika na goma sha tara.
Ya matso ya ce, "Malam, mi na samu?"
Na nuna mai takarda.
Ya ce, "To, Allah shi saka," ya kwance igiyar takalmi,
mai shi na jira a bakin ƙofa.

Ran Juma'a da la'asar, ina bisa babur ta Mabera,
na gan shi a wani fegi, ba takalmi,
ƙwallo a ƙafa, ƙarti uku a gabansa.
Ya ba na farko kafaɗa, ya bi ta hagu,
na biyu ya kai ƙafa, ya shuri iska,
na uku har yanzu yana neman inda ya bi.
Na laluba aljihu, ba agogo.
Ko da akwai, ina zan fara dannawa?

Roba ba ta yaudara, ba ta kai ƙafa,
inda ka aje ta nan take kwana.

An ce akwai na'ura mai haske da ke danna kanta.
Madalla. Ta hutar da yatsana.
Amma ba za ta tambayi yaro ko ya karya ba.
Na ce wa Malami, "A riƙa gwada su kwana uku."
Ya ce, "Wa zai biya kuɗin mota?"

Jiya na je banki karɓar albashi.
Na ɗora wannan yatsa bisa gilashi,
inji ya ce bai san ni ba.
Na goge a riga, na hura mai iska, na sake.
Sai a na uku ya yarda ni ne.